Na Sauya Tayoyi, Babur Ya Sauya Hali: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na koyi tuƙin babur, kuma Boxer ce na saya ta hannu. Makon jiya na sauya mata tayoyi gaba da baya saboda na da sun suɗe. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba: idan na shiga kwana ko shataletale sai in ji kamar za ta kwanta da ni, kuma sau biyu bayanta yana zamewa da na taka birki. Mai faci ya ce iska ce ta yi kaɗan, ya ƙara, amma abin sai gaba yake yi. Shin jabun taya aka sayar mini, ko kuwa ni ne ban iya ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ne suka haɗu a kanka, ɗaya zai wuce da kansa, ɗayan kuma zai iya kai ka asibiti idan ba a gyara shi ba.

Wanda zai wuce shi ne sauyin siffar tayar. Tsohuwar tayarka ta daɗe tana tafiya a miƙe, tsakiyarta ya cinye ya baje, don haka sai ka sa ƙarfi kafin babur ɗin ya yarda ya karkata, kuma a kan wannan tayar ka koyi tuƙi, hannunka ya saba da tura kan babur fiye da kima. Sabuwar kuwa gadon bayanta a kewaye yake, da ka ɗan taɓa ta sai ta bi ka. Wannan kwanciyar da kake ji ita ce ainihin yadda aka ƙera babur ɗin ya tafi, kai ne ba ka taɓa jin sa da lafiyarsa ba. Ban da haka, fatar sabuwar taya tana fitowa daga masana'anta sumul, ba ta gama riƙe kwalta sai ta goge ta yi ɗan kaushi, shi ya sa manyan kamfanonin taya ke ba da shawarar a yi tafiyar farko ta kamar kilomita 100 zuwa 160 a hankali, ba fizga, ba birkin gaggawa, ana ƙara karkata sannu a hankali domin gefunan ma su goge. Tafiya daga Zariya zuwa Kaduna da dawowa ta kusa cika wannan lissafi, sai dai miƙaƙƙiyar hanya tsakiyar tayar kawai take gogewa, saboda haka kada ka dawo ka ɗauka gefunan sun shirya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato iskar da aka ƙara maka. Babu ranar da ba na cin karo da wannan magana cewa wai sabuwar taya sai an ɗura mata iska ta yi tauri kamar dutse kafin ta buɗe, ko kuma wai taya mai tauri ta fi gudu, ta fi rage shan mai, ta fi ɗaukar kaya. Asalin maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma nan ne haɗarinta yake. Gaskiya ne lokacin ɗaura taya ana ba ta iska fiye da kima na ɗan lokaci domin bakinta ya zauna daidai a kan rim, amma da zarar ya zauna wajibi ne a sauke iskar zuwa adadin da kamfanin babur ya rubuta. Abin da ke faruwa a bakin titi shi ne a ɗura, a ji ta zauna, a murɗa murfin bawul, a karɓi kuɗi, a sallame ka da iskar da ta kusa ninka wadda ake buƙata. Idan ka tambayi nawa aka sa, sai a danna tayar da babban yatsa ko a buge ta da sifana a ce maka ta yi. Babban yatsa ba ya bambanta 30 da 50 a PSI, wato ma'aunin iskar taya, domin duka biyun tauri zai ji.

Ka yi tunanin wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa: bai kai faɗin tafin hannunka ba, kuma a kan ɗan wannan wuri biyu ne birkinka da kwanarka da rayuwarka suke. Duk iskar da ka ƙara sama da ƙa'ida rage wannan wuri take yi. Tayar ta daina lanƙwasawa ta rungumi ƙananan ramuka da tsakuwa, sai ta riƙa tsalle a kansu, kuma tayar da ke sama ba ta da birki ko da na ƙiftawar ido ne. Haɗa wannan da fatar da ba ta goge ba, da yashin da ke taruwa a gefen kowane shataletale namu, sai ka ga dalilin da bayan babur ɗinka ke zamewa. Ɗan man da ake cewa ana ragewa kuwa bai kai kuɗin tayar da za ta cinye a tsakiya kafin lokacinta ba, balle kuɗin ɗaurin karaya.

Masu wannan aiki suna da hujjar da suke nunawa, wato lambar da ke rubuce a gefen tayar. Wannan lamba iyaka ce, tana gaya maka iskar da tayar za ta iya ɗauka idan an ɗora mata nauyinta na ƙarshe, ba ita ce iskar tafiyar yau da kullum ba. Adadin da ya shafe ka yana cikin littafin babur, wani lokacin kuma a ɗan manne da ke jikinsa kusa da tayar baya. A yawancin ƙananan babura irin naka yakan kasance wajen 25 a gaba a ma'aunin PSI, baya kuma 28 idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo. Ka auna da safe kafin ka hau, domin tafiya da zafin kwalta suna ɗaga lambar, musamman a Maris da Afrilu, kuma wanda ya sauke iska daga taya mai zafi zai wayi gari da tayar da iskarta ta gaza. Gazawar ma ba alheri ba ce: kan babur yakan yi nauyi, tayar ta yi zafi, tif ya tsinke a bakin bawul. Ina ganin duk mai babur ya kamata ya mallaki ɗan gejinsa na aljihu na auna iskar taya, saboda gejin da ke rataye a jikin injin iska na bakin hanya ya sha faɗuwa da ƙura, kuma ban taɓa ganin wanda aka kai gyara ba.

Wata ɓarnar da ke tafiya tare da wannan ita ce shafa wa bakin taya baƙin mai domin ta shiga rim da sauƙi, da goge sabuwar taya da fetur ko kalanzir wai don a cire santsinta, da shafa mata mai don ta yi ƙyalli. Mai yana lalata roba, kuma duk ɗigon da ya kai ga zanen tayar santsi ne ka saya da kuɗinka. Ruwan sabulu ya isa wajen ɗaurawa. Idan an riga an shafa, ka wanke da sabulu da ruwa, ka bari ta bushe.

Game da zargin jabu, ka duba lambobi huɗu da ke gefen tayar a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 1224 na nufin mako na 12 na shekarar 2024. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan hankalin masu ababen hawa kan wannan lamba, domin tayar da ta shekara da shekaru a shago robarta takan bushe ko da ba a taɓa ɗaura ta ba. Ka kuma tabbatar girmanta ya yi daidai da na littafin, kibiyar da ke jikinta tana kallon inda wili ke juyawa, siririn layin da ke kewaye da bakinta kuma tazararsa da rim ɗaya ce ko'ina. Tunda an kwance wilin baya, a duba ko ya koma a miƙe, alamomin jan sarƙa na hagu da dama sun yi daidai, birkin baya kuma ba a ɗaure shi har yana kamawa da ɗan taɓi ba. Gobe da safe ka fara da geji kafin komai, ka sauke iskar zuwa adadinta, sannan ka nemi fili mai kwalta mai tsabta ka gwada birkin gaba da na baya tare a ƙaramin gudu, da hular kwanonka a kai.