Kafin ka sayi faifan katun ɗin jarumai, juya bayan kwalin

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, uku daga cikinsu a kan fim ɗaya: katun ɗin Spider-Man: Into the Spider-Verse, wanda kamfanin Sony ya saki a sinimomin Amurka a Disambar 2018, faifansa kuma ya shiga kasuwa a Maris na 2019.

Ƙanena yana dawowa daga Amurka, ya ce in zaɓi wanda zai taho wa yarana da shi: DVD, ko Blu-ray, ko 4K. Muna da filasma mai inci 43 da na'urar DVD, babban ɗana kuma yana da PS4. Wanne zan ce masa? (Wani magidanci daga Kano)

Malam, Blu-ray za ka ce masa, kuma ka roƙe shi ya nemi kwalin da ke ɗauke da Blu-ray da DVD a haɗe, don a Amurka ana sayar da shi haka.

Faifan 4K ka cire shi daga lissafi tun yanzu. PS4, wato na'urar wasan PlayStation 4, ba ya karanta shi, na'urar DVD kuwa ko kusa. Sai PS5 mai ramin saka faifai, ko Xbox One S da na bayansa masu rami, ko na'ura ta musamman, sannan talabijin ɗin ma ya zama na 4K. In ba haka ba, kuɗin ɗan'uwanka ya tafi a kan abin da za a jingine a kanta ana kallon kwalinsa.

Tsakanin DVD da Blu-ray akwai rata babba. Hoton DVD na Amurka layi 480 ne, na Turai 576, shi kuwa Blu-ray 1080. DVD ba ya ɗaukar abin da ya wuce gigabait 8.5, Blu-ray kuma yana kaiwa 50. A wani katun ɗin ba zan matsa maka ba, amma wannan an zana shi ne da ƙananan ɗige-ɗige da siraran layuka irin na littafin zane da aka buga a takarda. A DVD ɗige-ɗigen nan curewa suke yi su zama dusu-dusu, sai ka rasa rabin abin da masu zanen suka sha wahala a kai. PS4 ɗin ɗanka na karanta Blu-ray, saboda haka ba sai ka sayi wata na'ura ba.

Inda mutane ke yin asara shi ne lambar yanki, wadda ke hana faifan wani yanki aiki a na'urar wani yankin. An raba duniya gida shida a harkar DVD: Amurka da Kanada su ne yanki na 1, Turai da Gabas ta Tsakiya na 2, Najeriya da Nijar da yawancin Afirka na 5. Blu-ray kuma gida uku ne: A na nahiyar Amurka da wasu ƙasashen gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na sauran. Ƙananan na'urorin DVD da ke kasuwanninmu galibi ba ruwansu da wannan, duk abin da aka ba su ci suke yi. PlayStation ba haka yake ba. Faifan wasa daga ko'ina yana karɓa, shi ya sa samari ke ɗauka na fim ma haka ne, alhali faifan fim na Blu-ray sai wanda ya dace da yankin da aka yi na'urar dominsa. Idan PS4 ɗin daga Dubai ko Ingila ya fito, B ne. Ka ce wa ƙaninka ya juya kwalin ya duba can ƙasa kusa da ƙananan rubuce-rubuce, zai ga wata 'yar alama mai harafi. In ya ga A da B da C tare, ko'ina zai yi. In A kaɗai ya gani, ya ɗauki hotonta ya turo maka kafin ya biya.

Akwai kuma wata 'yar takarda a cikin kwalin mai lambar saukar da fim ɗin ta intanet. Kada ya ƙara ko sisi saboda ita. Ga mazauna can aka yi ta, kuma tana da ranar ƙarewa.

Na sayi faifan, amma hoton kamar ya rabu biyu, gefen mutane ja da shuɗi, motsin yaron kuma yana tsalle-tsalle. Jabu aka sayar mini ko talabijin ɗina ne ya lalace? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da gangan aka yi shi haka. Tun yana sinima mutane suka riƙa zaton an saka musu fim ɗin 3D ne ba a ba su tabarau ba.

A tsofaffin littattafan zane na Amurka, injin ɗab'i launi-launi yake bugawa, wani a kan wani. Idan takardar ta ɗan goce, sai ja ya leƙo ta gefe guda, shuɗi ta ɗaya gefen. Masu fim ɗin suka ɗauki wannan kuskuren injin suka mai da shi dabara: duk abin da ba sa so idonka ya tsaya a kansa, kamar gine-ginen da ke nesa ko mutumin da ke bayan mai magana, sai su raba launinsa maimakon su dusashe shi yadda kyamara ke yi. Ka gwada da kanka. Danna tsayawa a rimot lokacin da yaron, Miles Morales, yake magana shi kaɗai a allo. Fuskarsa za ka gan ta tsaf, har da ɗige-ɗigen inuwa a kumatunsa, bayansa ne kawai ya rabu. In fuskar ma ta narke, ko kana ganin inuwar kawunan mutane a ƙasan allo, ko sautin na amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, to wannan kwafin da aka ɗauka da waya a sinima ne, ka mayar wa mai shi.

Tsallen motsin ma haka. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. A wurare da dama an yi wa Miles hoto 12 kacal, kowanne ya tsaya sau biyu. Akwai wurin da yake koyon lilo da zare a cikin daji tare da babban Spider-Man ɗin da ya ƙware: shi babban yana tafiya sumul a kan 24, yaron yana tuntuɓe a kan 12. Ko ba a faɗa maka ba, idonka zai gaya maka wane ne ɗan koyo. Wannan na cikin abin da ya sa fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta katun a 2019, kuma ɗaya daga cikin daraktocinsa uku, Peter Ramsey, ya zama baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan fanni.

Abu ɗaya zan so ka gyara. Sababbin talabijin suna zuwa da wani saiti da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. A Samsung sunansa Auto Motion Plus, a LG kuma TruMotion. Kashe shi. Yana ɓata wannan fim ɗin fiye da kowanne.

Yarana uku, shekara 5 da 9 da 12. Mai tura fina-finai ya cika mini memori da katun ɗin jarumai, har da na Batman. Tunda duk katun ne, in bar su su kalla? (Wata uwa daga Kaduna)

Hajiya, don Allah kada ki miƙa musu memorin nan sai kin zauna kin duba shi. Wannan ce wasiƙar da ta fi damuna a cikin huɗun. Mun saba da cewa katun kayan yara ne, amma kamfanonin Amurka sun daɗe suna yin katun na manya zalla, kuma yawancinsu kai tsaye suke fita a faifai. Batman: The Killing Joke na 2016 misali ne. A Amurka an ba shi alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya kallo sai da babba, a Ingila kuma 15. A cikinsa ana harbin wata budurwa ta shanye, ana azabtar da mahaifinta, akwai kuma abin da ba za ki so ki gani tare da ɗanki ba. Zanen kuwa sak irin wanda yara suka saba gani da rana.

Kwalin faifai na ainihi yana ɗauke da alamar: G ko U na kowa, PG a kalla da iyaye, PG-13 ko 12 na waɗanda suka tasa, R da 15 da 18 na manya. Fim ɗin da aka tura a memori ba shi da kwali, mai turawar kuma sau da yawa shi ma bai kalla ba. Ki rubuta sunan kowanne a waya ki ga alamarsa, wanda ya wuce PG ki goge ko ki ajiye shi daban.

Na Spider-Man ɗin PG ne, tsawonsa minti 117. Mai shekara 9 da mai 12 za su ji daɗinsa, kuma akwai abin kirki a ciki: yaro ne ɗan Brooklyn, uban ɗan sanda, uwar ma'aikaciyar jinya, yana faman gane abin da mahaifinsa ke so da shi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba faɗa ba ne. Uban ne tsaye a bayan ƙofar ɗakin ɗansa a rufe, yana magana a hankali, bai san yaron na ciki a ɗaure ba ya iya amsawa. Amma ki sani ana mutuwa sau biyu a gaban ido: Spider-Man na farko, da baffan yaron wanda yake ƙauna, da aka harbe. Akwai kuma ɗan alade mai magana cikin jaruman, gara ki sani tun kafin su tambaye ki. Mai shekara 5 ki zaunar da shi kusa da ke, ko ki jira ya ƙara shekara biyu.

Idan akwai mai farfaɗiya a gidan, kada ya kalla sai kin tambayi likitansa. Farkon fim ɗin da faɗan ƙarshe cike suke da walƙiyar launuka mai sauri. Sauran ma a bar musu fitila a kunne, kada su kalla cikin duhu suna manne da allo.

Yarana Faransanci suke karatu. Akwai shi da Faransanci? Kuma in haɗa da kashi na biyu? (Wani malamin makaranta daga Damagaram)

Akwai, Malam. A Faransa sunansa Spider-Man: New Generation, da wannan sunan za ka sa a nemo maka. Blu-ray ɗin can yanki B ne, daidai da namu. DVD ɗinsu kuma yanki na 2, sai ka tabbatar na'urarka na karɓa. Jerin harsunan sauti da na rubutun ƙasan allo yana bayan kwalin.

Kashi na biyu, Across the Spider-Verse na 2023, minti 140 ne, ya fi na farko nauyi da yawan magana, kuma labarin bai ƙare a cikinsa ba, an yanke shi ne a tsakiyar rikici. Ka fara da na farko shi kaɗai. In sun kalle shi sau biyu suna neman ƙari, sannan ka aika a kawo na biyun.