Amsa ga Hajiya kan yaron da ya daina son zuwa makaranta

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki mai shekara 13 yana JHS 1, wato ajin farko na ƙaramar sakandare, kullum da safe sai ya ce ciki na ciwo, kuɗin abincinsa yana ɓacewa, kina tambaya ko ki canza masa makaranta. Na daɗe ina koyarwa a nan Aboabo cikin Kumasi, shawarata kada ki yi gaggawa. Da alama cin zalinsa ake yi, kuma kowace makaranta da nata azzaluman.

Masu cin zali ba kowa suke taɓawa ba, gwaji suke fara yi. Su kwaikwayi Turancinsa, su ce masa ɗan zango, su ga yadda zai yi. Wanda ya sunkuyar da kai, gobe sidi biyar ɗin wakensa za su karɓe. Wanda ya ɗaga ido ya ce "ku bari", sau da yawa sai su nemi wani. Laifin nasu ne, amma ƙarfin zuciyar nan a gida ake samo shi. Mu kuwa, Allah Ya yafe mana, daƙiƙi da dolo ba sa wuya a bakinmu, ga "dubi ɗan wane". Yaron da ya sha wannan daga bakin uwarsa, in ya ji a aji sai ya ɗauka gaskiya ce. Mun koya musu sunkuyar da kai gaban manya, hakan tarbiyya ce, amma a faɗa musu tsaransu ba manyansu ba ne.

Ki nemo abin da ya iya, ƙwallo ne ko hadda ko gyaran waya, ki yabe shi a kai gaban babansa. Ki aike shi kasuwar Kejetia shi kaɗai, ya yi ciniki ya kawo canji. In ya fara ba ki labari, kada ki katse shi da "me ya sa ba ka rama ba?", daga ranar zai rufe baki.

Ki kuma samu malamin ajinsu a keɓe, ba a bakin ƙofa da faɗa ba. In bai motsa ba, sai hedimasta. Ki fara yanzu Hajiya, don bayan BECE, jarrabawar gama JHS, in ya samu makarantar kwana, 'yan manyan aji ne za su tare shi a kan garin rogonsa da yajin shito, ke kuma kina gida. Allah Ya shirya mana su.