Tsayawa, jira ko jinginewa: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin masu rubuta manhaja

Daga wata malamar sakandare a Unguwar Rimi: Malam, ina koyar da kwamfuta, nakan ce wa yara kwamfaila "tafinta" ce. Na yi daidai?

Malama, bar wa tafinta aikinsa. Tafinta yana juya magana ne ana cikin yin ta, jimla bayan jimla, kuma akwai manhajar da ke yi wa rubutun umarni haka, ita ta cancanci sunan. Kwamfaila sai ta karɓi rubutun dukkansa ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa kafin a fara gudanar da komai. Ki riƙa cewa kwamfaila kawai. Tafintan ma ai aro ne daga Turanci, ga shi ya zauna daram.

Daga wani matashi a Tudun Wada: Malam, muna koya wa ƙannenmu rubuta manhajar waya da harshen Kotlin, da Hausa muke bayani. Akwai kalmar suspend da ake sawa a gaban aiki. Ni ina ce musu "aiki mai tsayawa", abokina yana cewa "aiki mai jira". Wa ya fi gaskiya?

Ɗana, ba na bayan kowa a cikinku, kuma na abokinka ya fi ɓatar da yara. Wanda ya tsaya yana nan da jikinsa. Wanda ke jira ma haka, ya kasa ya tsare, ba ya taɓuka komai. To abin da aka kawo suspend don a guje masa ke nan. Zare shi ne layin aiki da na'ura ke bi tana gudanar da umarni ɗaya bayan ɗaya. A wayar Android zare guda ne ke zana abin da ke fuskar waya, shi ne kuma ke karɓar taɓawar yatsa. Idan wayar tana sabunta fuska sau 60 a daƙiƙa, kusan milisakan 16 yake da su a kowane zane. Ka sa zaren nan ya zauna jiran amsa daga intanet, sai waya ta sandare. In ya kai daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, Android ta fito da sanarwa cewa manhaja ba ta amsawa. Wannan shi ne jira, kuma sunan da ya dace da shi toshewa.

Ka leƙa kotun Magajin Gari ranar da shaida bai zo ba. Alƙali ba ya naɗe hannu har shaida ya iso daga Zariya. Magatakarda zai rubuta a fayil inda aka kwana da abin da aka riga aka saurara, a kira ƙara ta gaba. Ranar da shaida ya bayyana sai a buɗe fayil a ɗora, ko da a wani ɗakin aka zauna. Abin da kwamfailar Kotlin ke gina maka a ɓoye ke nan, kuma sai ka san shi kafin ka zaɓi kalma.

A ce ka rubuta aiki mai matakai uku: ya ɗauko farashin masara daga intanet, ya adana shi a waya, ya nuna wa mai waya. Da kwamfaila ta ga suspend a gabansa, sai ta ƙara masa wani abin karɓa guda a ƙarshe wanda kai ba ka rubuta ba, sunansa Continuation, wato fayil ɗin da ke riƙe da ci gaban aikin da kuma wanda za a miƙa wa sakamako in an gama. Daga nan ta bi jikin aikin tana yanka shi gaɓa-gaɓa, duk inda ya kira wani aiki mai suspend nan ne mayanka. Kowace gaɓa ta ba ta lamba, 0, 1, 2, ta buɗe gurbi a fayil mai suna label inda ake rubuta lambar gaɓar da za a shiga nan gaba. Duk wani abu da aikin ke riƙe da shi wanda zai buƙata bayan mayanka, kamar sunan kasuwar da aka tambaya, sai ta buɗe masa nasa gurbin a fayil. Dalili kuwa, wurin ajiyar wucin gadi da aiki ke samu a kan zare yana gushewa ne da zarar aikin ya fita, shi kuwa fayil a babbar ma'ajiya yake, yana nan har a gama da shi.

Ka lura da kalmar da na ce, fita. Nan ne ku biyun kuka kauce. Aikin ba ya tsayawa, fita yake yi gaba ɗaya. Kwamfaila ta riga ta sauya irin abin da yake mayarwa, ya zama yana iya mayar da ɗayan abu biyu: ko sakamakon na gaske, ko wata alama ta musamman mai suna COROUTINE_SUSPENDED, ma'anarta "ba a gama ba, sai an neme ni". Wanda ya kira shi in ya ga alamar, shi ma sai ya mayar da ita ga wanda ya kira shi, haka har sama, zare ya kuɓuta ya koma zanen fuska. Idan farashin ya iso, sai a kira resumeWith, wato umarnin ɗorawa daga inda aka kwana, a kan fayil ɗin. A sake shiga aikin ta ƙofar farko, ya duba label, ya ga 1, ya tsallake gaɓar farko, ya kwaso kayansa daga fayil, ya duba ko kuskure ne ya zo a maimakon farashi, in kuskure ne ya jefa shi daidai wurin kamar ba a taɓa fita ba, in ba haka ba ya wuce zuwa adanawa.

Hausa tana da kalmar wannan tun kafin a yi kwamfuta: jinginewa. Abin da aka jingine ba a yar da shi ba, ba a kuma riƙe da shi a hannu. An ajiye shi inda za a dawo a ɗauka, hannu ya sami sararin yin wani abu. A nan ne nake da ƙorafi a kan wasu masu karanta labarai, domin su ke lalata mana kunne. Ƙungiya ta jingine yajin aiki na mako biyu, sai ka ji an ce ta "janye". Wanda ya janye ai ya haƙura ne, ba zai dawo ba. Taro an ɗage shi zuwa Laraba, a ce an "soke". Ɗagewa tana da rana, sokewa ba ta da ita. Dakatarwa kuma daga sama take zuwa, mai iko ke dakatar da ma'aikaci, shi ya sa ban ba ka ita ba: ba wanda ke dakatar da korotin (wato irin wannan aikin da ake jinginewa a dawo masa) da ƙarfi, shi ke sakin zare a wuraren da kwamfaila ta yanka. Kalmomi biyar ne masu ma'ana biyar, kuma mai rubuta manhaja yana buƙatar akasarinsu a rarrabe, tunda a Kotlin ma soke korotin abu ne dabam da jingine shi. Mutumin da ya cakuɗa su a rediyo ya ruɗa mai sauraro. In malami ya cakuɗa su a aji, yaro zai rubuta manhajar da ke sandarewa bai san dalili ba.

Amma kada ka ce "mai jinginewa", ka ce "aiki mai jinginuwa". Aikatau na aji na bakwai, irin su gyaru, ɗinku, taunu, idan suka ɗauki -wa suna nuna abu mai yiwuwa ne: rigar tana ɗinkuwa, motar ba ta gyaruwa. Haka suspend take. Ba alkawari ba ne cewa za a jingine aikin, izini ne. In farashin yana nan a waya tun jiya, aikin da aka kira zai mayar da shi nan take, ba alama, ba fita, a zarce gaɓa ta gaba. Turancin bai nuna wannan ba, Hausar ta nuna.

Kuma ka gaya wa ƙannen naka dabarar ta girmi Kotlin nesa. Melvin Conway ne ya raɗa sunan korotin a 1958, ya bayyana shi a rubuce a 1963, yana bayanin yadda za a gina kwamfailar harshen COBOL ta yadda sassanta za su riƙa miƙa wa juna aiki. Harshen C# ya kawo irin wannan yankan gaɓoɓi da async da await a 2012, Python ya sami kalmomin biyu a 2015, Kotlin kuma ya tabbatar da nasa korotin a fitowa ta 1.3 a 2018.

Daga wani ɗalibi a Kawo: Malam, an ce zare ɗaya yana iya ɗaukar korotin dubbai. Ashe "taura biyu ba ta taunuwa" ta faɗi ke nan?

Tana nan da ƙafarta. Zare ɗaya gaɓa ɗaya yake gudanarwa a lokaci guda, sauran dubban duk a jingine suke. Abin da ya sa suke yawa shi ne arha: zare a na'urar Java, wato manhajar da ke gudanar da abin da aka rubuta da harshen Java, yakan keɓe kusan megabait 1 na wurin ajiyarsa, fayil ɗin korotin kuwa 'yan gurabe ne. Harshen Go ya bi wata hanyar, kowane aiki yana da nasa ƙaramin wurin ajiya mai farawa daga kamar kilobait 2 yana girma, shi ya sa ba a sa wa aiki wata alama irin suspend a can. Ka kiyaye abu guda: rubuta suspend a gaban aiki ba ya kai shi wani zaren. In ka cika shi da lissafi mai nauyi babu mayanka a ciki, zai riƙe zaren har ya gama, waya ta sandare kamar dā.

Daga wata baiwar Allah a Rigasa: Mene ne "jiran gawon shanu"? Ɗana ya ce haka korotin ɗinsa ke yi.

Shanu ne a gindin gawo suna sauraron 'ya'yansa su faɗo, ba su da ikon kaɗo su, ba su san ranar faɗowa ba. Ɗanki ya yi amfani da ita daidai, Hajiya. In ya jingine aiki ya manta bai sa a kira resumeWith ba, aikin ba zai taɓa ci gaba ba, kuma ba kuskuren da zai fito ya sanar da shi. Ya sa masa wa'adi da withTimeout, ya kuma tabbata sau ɗaya ake kiran, domin kira na biyu Kotlin kuskure yake jefawa.