Tambaya da Amsa: Kufan Fadar Fotheringhay a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Leicester, kuma cunkoson masu yawon buɗe ido a manyan fadoji irin su Windsor ya ishe ni. Shin akwai wata tsohuwar fada a karkara da mutum zai ziyarta cikin natsuwa, ya kuma ƙaru da tarihin ƙasar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina ba ka shawarar Fotheringhay, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Northamptonshire, kusa da garin Oundle, a bakin kogin Nene. Sai dai ka sani tun kafin ka tashi cewa kufai za ka tarar, domin an rushe ginin a ƙarni na 17 aka kwashe duwatsunsa. Abin da ya rage shi ne tudun da hasumiyar fadar ta tsaya a kai, da alamar gwalalon da ya kewaye ta, da wani guntun bango da aka killace da shingen ƙarfe.

Duk da haka, a ganina wurin ya cancanci wahalar tafiya, musamman gare ka mazaunin Leicester. A nan aka haifi Sarki Richard na Uku a 1452, wanda aka gano ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a garinku a 2012. A nan kuma aka yi wa Sarauniya Mary ta Sukotland shari'a a watan Oktoba na 1586, sannan aka fille mata kai a babban zauren fadar ranar 8 ga Fabrairu, 1587, bayan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sa hannu a takardar hukuncin. An fara binne ta a babban cocin birnin Peterborough, kafin ɗanta Sarki James ya mayar da gawarta cocin Westminster da ke Landan a 1612. Idan ka hau tudun za ka hango cocin ƙauyen mai hasumiya mai kusurwa takwas, inda kabarin iyayen Richard yake.

Ba a biyan kuɗin shiga, kuma babu ɗan jagora ko kanti a wurin, saboda haka ka tafi da guzurinka da takalmin da zai jure taɓo. Hanyar ƙafa tana bi ta gefen gona, don haka ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe saboda dabbobi. Motocin haya ba su da yawa a yankin, gara ka ɗauki tasi daga Oundle ko Peterborough, kuma in da hunturu za ka je ka yi sammako, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.