Danshi a ƙarƙashin daɓen ifoksi: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina kantin magani a Kano, yau sati biyar da zuba kankaren daɓe. Mai aikin ifoksi, wato fentin nan mai kauri da sheƙi da ake shafa wa daɓe, ya zo ya duba, ya ce tunda an haura kwana 28 in ba da kuɗin kaya a fara. Ni ma na ga saman ya bushe ƙayau. In biya ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Kwana 28 ɗin nan da kowa ya haddace lissafin ƙarfin kankare ne, wato lokacin da ake sa ran ya yi ƙwarin ɗaukar nauyi. Bushewa kuma nata lissafin daban. A cikin ruwan da aka yi kwaɓi da shi, kusan rabi ne siminti ke shanyewa ya zama jikinsa, sauran yana nan maƙale a ƙananan kafofi, sai ya fita a hankali ta sama. In kuwa leburori sun ƙara ruwa don kwaɓin ya yi musu sauƙin ɗiba, kamar yadda aka saba a wuraren gininmu, to wanda zai fita ya ƙaru. Ƙiyasin da masu sana'ar ke bi shi ne wata guda ga kowane inci ɗaya na kauri, shi ma sai iska na ratsa ɗakin. Daɓe mai inci 4 ke nan yana neman wata 4, wani lokacin ya wuce haka. Iskar hunturu ma ta fi yaudara, don takan busar da fatar sama cikin 'yan kwanaki alhali cikin yana jiƙe.

Ifoksi kuwa rufi ne da tururi ba ya ratsawa. Da zarar an shafa, ruwan da ke neman hanya sai ya taru a ƙarƙashinsa, ya narkar da gishirin siminti, ya riƙa tunkuɗo shi har ya rabu da kankaren.

Akwai gwajin da za ka yi yau da hannunka. Yanki leda mai kauri, fara wadda ake gani ta cikinta, santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a daɓen ka liƙe gefunan da salatif kada iska ta shiga. Ka yi haka a wurare da dama, musamman lungun da rana ba ta kaiwa da jikin bangon banɗaki. A bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya fi kewayensa duhu, magana ta ƙare, a jira. Amma in ka tarar da shi a bushe, kada ka ɗauka an wanke daɓen daga zargi, domin wannan gwajin saman kawai yake gani. Ka ce wa mai aikin ya zo da na'urar auna danshi. Yawancin kamfanonin ifoksi suna sa iyakar danshi a kashi 4 cikin 100 a na'urar da ake ɗorawa bisa kankare. Gwajin da ya fi inganci shi ne a huda daɓen zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurinsa a zura ma'auni, a nan danshin iskar da ke cikin hujin ake aunawa, kuma iyakar da aka fi sawa kashi 75 cikin 100 ce. Ainihin lambar tana cikin takardar bayanin kayan da zai shafa, ka ce ya nuna maka. Wanda ya ce shi da tafin hannu yake ganewa, ni dai ba zan ba shi kantina ba.

Tambaya: Malam, an yi mini ifoksi a falo a Kaduna cikin watan Fabrairu, ya yi kyau sosai. Da damina ta yi nisa sai ya fara kumbura wuri-wuri. Wanda ya yi aikin ya ce kayan ne ba masu kyau ba, in sayo mai tsada a sake shafawa a kai.

Amsa: Hajiya, kada ki sayi komai sai kin huda ɗaya daga cikin kumburin da allura. In ruwa ya fito, ba laifin kaya ba ne, kuma mai tsadar ma haka zai yi. Gidan da ya daɗe da ginawa, ya zauna lafiya duk rani, sai a watan Agusta ya fara ƙuraje, ruwansa daga ƙasa yake tasowa. Wannan ya fi na Alhajin Kano wuya, don shi jira zai raba shi da nasa, naki kuwa duk shekara zai dawo.

Ki nemo maginin da ya zuba daɓen ki tambaye shi ko an shimfiɗa leda kafin kankare. Gidaje da yawa ba a sa ba, ko an sa mai shara-shara wadda tsakuwa ta huhhuda. Daga nan ki zagaya bayan falon ranar da ake ruwa. Ina indararo ke zubarwa? Shin ruwa na kwanciya a gindin bango? Akwai fulawoyin da ake shayarwa a jikinsa, ko bututun da ke yoyo? Farin gishiri da ɓarewar fenti a ƙasan bango duk shaida ce. Gyara waɗannan ya fi kowane galan na ifoksi arha.

Bayan haka sai a gurje tsohon ifoksin gaba ɗaya da injin gurza, a busasshe, ba a wanke da ruwa ko asid ba. Shafa sabo a kan mai kumburi asarar kuɗi ce. Akwai shafin farko da aka yi musamman don tare danshi, akwai kuma haɗin ifoksi da siminti irin su EpoCem na kamfanin Sika, wanda ake shimfiɗawa kaurin milimita 2 ko fiye kafin shafin sama. Suna aiki, amma kowanne yana da iyakar danshin da zai jure, shi ya sa ya kamata a auna daɓen naki cikin damina. In gidan a fadama yake, ruwan rijiya na kusa, gaskiyar da zan gaya miki ita ce ki haƙura da ifoksi ki sa tayil ko tarazo. Na san ba shi kike so ba, amma ba na son ki biya sau uku.

Tambaya: Ni ban kai ga zuba daɓe ba, amma ifoksi nake so. Me zan tanada?

Amsa: Malam, kai ne kake da dama a hannu. Sayi ledar gini ta ainihi mai kaurin maikiron 250 zuwa 300, wato rubu'in milimita ko ɗan fiye. A baza yashi mai laushi a kan cikon kafin a shimfiɗa ta, a ɗora bakin wata kan wata aƙalla santimita 15 a liƙe, a tayar da gefunanta su haɗu da DPC na bango, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don hana danshi hawa. Ka tsaya da kanka ranar zubi, don baro da takalman leburori ne ke yaga ta, kuma ka hana ƙara ruwa a kwaɓi. Ranar shafi kuma a fara da yamma, lokacin da daɓen ke hucewa, domin da hantsi iskar cikin kankare fitowa take yi ta bar ƙananan huji a jikin shafin.