Baba ya bar taba tuntuni, me yasa tarin bai barshi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina da tambaya. Mahaifina ya sha taba shekaru da yawa amma ya daina tun kafin in yi aure, to yanzun ga tari da majina kullum da asuba, in zai je masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. A asibiti sun ce COPD ne. Wata ma'aikaciyar jinya tace min wai garkuwar jikinshi ce ke yaƙar huhun. Gaskiya ne? In siyo mai maganin ƙarin garkuwa ne ko yaya? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma Allah ya miki albarka. COPD ciwo ne na toshewar hanyoyin iska a huhu, kuma ba ƙaramin abu bane, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 kaɗai ya kashe mutum sama da miliyan 3.

Maganar ma'aikaciyar nan tana da tushe. Likitoci sun daɗe suna lura cewa mutum zai bar taba amma kumburin cikin huhu ya ƙi lafawa. A 2004 wani likita mai bincike, James Hogg, da abokan aikinshi a Kanada suka duba huhun masu ciwon da aka yi wa tiyata, suka tarar ƙwayoyin garkuwa sun taru curi-curi a jikin ƙananan hanyoyin iska, kuma inda ciwon ya fi tsanani nan suka fi yawa. Sai a 2007 wasu masu bincike a Houston ta Amurka suka gano wasu sinadaran garkuwa a jinin marasa lafiyan waɗanda ke kai hari kan elastin, wato zaren da ke sa huhu ya buɗe ya koma da kanshi. In wannan zaren ya lalace huhu sai ya zama kamar robar wando da ta saki, iska ta shiga amma fitar da ita ya zama aiki, shi yasa kike ganin Baba na tsuke baki yana hura iska a hankali. Abin da masana ke zato shine hayaƙi yana canza kamannin sinadaran jikin huhu har sojojin jiki su daina gane su, su ɗauke su baƙi su yi ta dukansu ko bayan an daina shan tabar.

Amma fa ki riƙe wannan: wasu binciken da aka yi daga baya basu samu wancan harin kan elastin ba, kuma har yau masana na jayayya ko waɗannan sinadaran sune ke ɓarnar ko kuwa alama ce kawai ta ɓarnar da hayaƙi ya riga ya yi. Shi yasa ba'a auna su a jini dan gano COPD, gwajin busa iska a na'ura ne ke nuna shi.

Batun maganin ƙarin garkuwa, dan Allah kar ki ɓata kuɗinki, ba ƙarancin garkuwa ne ya kawo ciwon ba. Abin da ya fi tayar min da hankali ma shine masu zuwa kemis su siyo prednisolone, wato ƙwayar rage kumburi, su yi ta sha wata da watanni dan sun ji numfashi ya ɗan sake, daga baya sai ga suga, ga hawan jini, ga ƙashi yayi rauni, fuska ta kumbura. Likita kan bada shi ne na 'yan kwanaki in ciwon ya tashi.

Ki tabbatar Baba na amfani da maganin shaƙa ɗinshi daidai, ki sa ya gwada a gaban likita dan da yawa baki suke fesawa bai kai huhu. Hayaƙin icce da gawayi ma yana kawo wannan ciwon ko ga wanda bai taɓa shan taba ba, iyayenmu mata da ke wuni gaban murhu su ma a kula dasu, Baba ma a nisanta ɗakinshi da madafi da maganin sauro na kunnawa. Lokacin hunturu in ƙura ta taso ya sa takunkumi. Ki tambayi asibitin game da rigakafin mura da na nimoniya, in ba'a yi mai gwajin tarin fuka ba a yi. Ya ci gaba da takawa masallaci ko da hutawa ne a hanya. In majinar ta koma kore, ko ga jini, ko zazzaɓi, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, a kai shi asibiti a ranar.