Tirela: giyar hannu ko otomatik?

Tambaya: Malam, shekara 15 ina jan tirela mai giyar hannu. Yanzu maigidana zai sayo otomatik. Ba za ta kunyata ni a gangara ba?

Amsa: Direba, kwantar da hankalinka. Yawancin manyan motocin da ake kira otomatik, irin masu giyar I-Shift ta kamfanin Volvo da ta fito a 2001, giyar hannu ce a ciki, kwamfuta ce kawai ke taka kuloci ta sauya giya. A gangara ka riƙe ta a ƙaramar giya, ka kunna birkin inji, kada ka danne birkin ƙafa har ya ɗau zafi. Ni dai gwiwata ta hagu ta huta a cunkoso. Amma in na'urar ta yi gardama, sai bakanike mai kwamfuta.